Kafin ka zaɓi jami'a a Indonesiya, ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni lafiya, kuma na yi farin ciki da ka ɗaura niyyar neman tallafin KNB na gwamnatin Indonesiya domin digiri na biyu a fannin noma. Ka turo min hoton jerin jami'o'i na QS, ka zagaye guda uku da jan biro, ka ce in zaɓar maka wadda ta fi tunda ni nake zaune a ƙasar. Na ɗan jinkirta amsa ne da gangan, don ba na so in jefo maka suna ɗaya ka kama, alhali abin da zai amfane ka ba ya cikin wancan jerin.

Jerin QS jami'a yake aunawa ɗungurungum, kuma ma'auninsa mafi nauyi shi ne sunan da ta yi a bakin malamai na duniya da ake tambaya. Kai kuwa ba jami'a za ka shiga ɗungurungum ba. Sashe ɗaya za ka zauna, ƙarƙashin malami ɗaya ko biyu, shekara biyu cur. Don haka bari in nuna maka yadda su mutanen ƙasar suke auna kayansu.

A nan akwai abin da ake kira Tri Dharma, wato wajibai uku da ke wuyan kowace jami'a: koyarwa, bincike, da yi wa al'umma hidima. Ba kirari ba ne na bangon ofis, yana cikin dokar ilimi mai zurfi, doka ta 12 ta shekarar 2012. Duk zangon karatu sai malami ya ba da bayanin aikin da ya yi a waɗannan ukun, kuma da shi ake duba alawus ɗinsa da ƙarin girmansa. Kai ma ka ɗauki ukun nan ka yi mudu da su.

Na koyarwa shi ya fi sauƙin bincikawa. Hukumar da ke tantance jami'o'i sunanta BAN-PT, ta yi kama da NUC ta wajenmu. Da can tana ba da A, B, C, daga baya aka koma Unggul, Baik Sekali da Baik, sannan a 2023 aka sake sauƙaƙa tsarin, amma har yanzu Unggul ce ƙololuwa. Abin da mutanenmu ke yawan kuskurewa shi ne tantancewar iri biyu ce: akwai ta jami'a, akwai ta kowane kwas daban, wanda suke kira prodi. Jami'a kan zama Unggul, kwas ɗin da kake so kuma sabo ne fil, bai kai can ba. Ka shiga rumbun bayanai na gwamnati da ake kira PDDikti, ka rubuta sunan kwas ɗin, za ka ga matsayinsa da adadin malamai da ɗalibai. Ka duba kuma ranar da takardar tantancewar kwas ɗin za ta ƙare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai koma gida, domin sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarka. Ka tuna yadda a watan Janairun 2024 aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatu na gaskiya abin ya shafa.

Bincike kuma malami ake bi, ba suna ba. Suna da shafi na gwamnati mai suna SINTA, inda malaman jami'o'in ƙasar suke da bayanansu, su ma mujallun ƙasar an jera su daga SINTA 1, mafi daraja, zuwa SINTA 6. Kada yawan takardu ya ruɗe ka. Jami'o'i da dama ba sa barin ɗalibi ya kammala sai ya wallafa, malamai kuma suna cikin matsin su shiga Scopus, rumbun mujallun bincike na duniya, shi ya sa za ka ga mutum da takardu rututu, amma yau yana maganar shinkafa, gobe kiwon kifi, jibi kasuwanci. Irin wannan sunansa kawai ake liƙawa. Wanda kake nema shi ne wanda in ka karanta ayyukansa na shekara biyar za ka ga tambaya ɗaya yake bi, yana ƙara zurfi. Sannan ka duba ko ɗalibansa ne suke fitowa a sahun farko na marubuta. Ka aika masa wasiƙa gajera kan wata takarda tasa da ka karanta da gaske. Yadda ya amsa, da ko ya amsa ma, shi zai nuna maka irin zaman da za ku yi.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne babu jerin da zai gaya maka gaskiyarsa. Ɗaliban digiri na farko a nan sukan fita abin da ake kira KKN: a kwashe su zuwa ƙauye su zauna wata ɗaya zuwa biyu a gidajen mutane suna aiki tare da su. Jami'ar Gadjah Mada da ke Yogyakarta ta yi suna a wannan tun shekarun 1970. Ku 'yan digiri na biyu ba a cika tura ku ba, amma za ka bi malaminka zuwa nasa aikin hidimar, a nan kuma idonka zai buɗe.

Na taɓa bin wata tawaga, ba zan kama sunan jami'ar ba, zuwa wani ƙauye. Muka isa da hantsi, aka ɗaure ƙyalle mai ɗauke da sunan shiri a zauren dagaci, aka yi jawabi na awa ɗaya kan takin gargajiya, aka raba abinci a kwali, kowa ya sa hannu a takardar halarta, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar muna kan hanya. Wani dattijo da ya zauna a gaba yana riƙe da ganyen barkono duk ya naɗe, ga alama ya zo da shi ne ya tambayi abin da ke cinsa. Har muka tashi ganyen yana hannunsa. A rahoto kuwa aikin ya cika, domin abin da ake ƙirgawa shi ne an je, mutum nawa suka zo, ga hoto. Wallahi na daɗe ina tuna hannun dattijon nan.

Na kuma ga kishiyarsa a wani ƙauyen masu shanun madara a gindin dutsen Merapi. Malamar da na bi ta shekara tana zuwa wurin mutanen nan. Da muka sauka ba wanda ya ɗaure ƙyalle. Wata mata ta ja ta kai tsaye zuwa madafi, ta kunna murhu, ta nuna mata wutar ta rage ƙarfi. Iskar gas ɗin daga kashin shanunsu take fitowa, ta ramin da aka gina a bayan turke. Malamar ta durƙusa ta bi bututun da hannu har ta gano inda ruwa ya taru ya toshe shi. Wannan matsalar ce ta zama kundin wani ɗalibinta. A takarda, waɗannan tafiye-tafiye biyu maki kusan ɗaya za su ci.

To ta yaya za ka gane daga nesa? Ka duba ko sashen yana komawa ƙauye ɗaya shekara bayan shekara, ko kuwa kullum sabon wuri. Ka duba ko abin da suke kai wa manoma yana da alaƙa da binciken malaman. Ka nemi ɗaliban Afirka da ke sashen ka tambaye su yaushe rabonsu da shiga gona. Kai da ka yi karatu a Zariya ka fi kowa sanin wannan mudu. Ba a san darajar cibiyar binciken noma ta Samaru don yawan takardunta ba, an san ta ne don manomi a Funtuwa ko Gumel ya shuka irin masararta SAMMAZ ko irin gyaɗarta SAMNUT ya ga bambanci a rumbunsa.

Wannan ne ma dalilin da zan roƙe ka ka riƙe watannin koyon harshen Indonesiya da tallafin ya tanada da hannu biyu. Ajin na iya zama da Turanci, amma manomi ba da Turanci zai yi maka magana ba, a ƙauyukan tsibirin Jawa ma tsofaffi harshen Jawa suka fi sakewa da shi. Kuma kada ka bar takardar shawara ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja sai kwana ya ƙure, ana buƙatarta cikin takardun neman.

A cikin ukun da ka zagaye, IPB da ke Bogor gidan noma ce tun asali, Gadjah Mada ma tana da ƙarfi a fannin, amma ba zan ce ga wadda za ka ɗauka ba tukuna. Ka zauna a makon nan ka fitar da malamai uku da bincikensu ya dace da abin da kake so ka yi kan ajiyar wake, ka turo min sunayensu, ni kuma zan tambaya maka su a bakin ɗalibansu. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ina nan lafiya, damina ta sauka mana sosai.