Ki je, amma ki bar ta ita ma ta zaɓi inda za ku

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki kafin na zauna rubutu. Kin ce kun yi shekara guda a gida ɗaya da wata 'yar Japan lokacin musayar ɗalibai a Amurka, rabonku da juna shekara goma sha biyu, yanzu kuma Allah ya nufa za ku haɗu a garin da kuka zauna. Kina tambaya ko ku zaga tsofaffin wurarenku ko a bar kaza cikin gashinta, kuma kina tsoron ku zauna ku yi jugum ba abin faɗa. Ni na yi irin wannan tafiyar a 2023, bari in ba ki labarin yadda ta kasance, ki tsinci abin da zai yi miki amfani.

Ina ɗan shekara goma sha shida na bar Zariya a 2008, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, aka kai ni garin Cedar Rapids na jihar Iowa. Mutanen gidan da suka karɓe ni, dattawa biyu da 'ya'yansu suka girma suka watse, sun ɗauki ɗalibai biyu a shekarar: ni da wani yaro daga birnin Sendai na Japan. Na girme shi da wata huɗu, don haka yake ce mini aniki, wato yaya, har yau kuma bai daina ba. Mun tarar da garin cikin jinya, domin a watan Yunin shekarar kogin Cedar ya yi ambaliyar da ta haura ƙafa 31, ta cinye tsakiyar gari har da babban ɗakin karatu. Shi ya sa wurin zamanmu bayan makaranta ya zama ɗakin karatun da ke cikin kasuwar Westdale. Turancinsa a lokacin bai taka kara ya karya ba, nawa kuma Turawan ba sa ganewa sai na maimaita sau uku, sai muka zama abokan kuka.

Bayan mun koma gida zumunci ya yi ta sirancewa. Da girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka auka wa yankinsu ranar 11 ga Maris, 2011, na kwana biyar ina aika saƙo ba amsa, sai ga layi ɗaya: yana raye, iyayensa ma haka. Daga nan sai gaisuwar sabuwar shekara, wata shekarar ma babu. Na daɗe ina zaton ya yar da ni, ashe ni ne nake ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta ɗakinsa ba. Ina nemansa a Facebook da WhatsApp, su kuwa can manhajar LINE suke amfani da ita. Ranar da na buɗe LINE muka yi hira ta awa biyu. In ba ki da ita ki sauke tun yanzu, kuma ki riƙa tuna sun riga mu da awa takwas.

Da na samu zuwa wani kwas na wata uku a Chicago, shi ya ce zai zo. Kada ki raina wannan in 'yar'uwarki ce za ta taso daga Japan. Ma'aikacinsu ba ya samun dogon hutu yadda muke zato, yawanci sai a ƙarshen shekara, ko makon hutun farkon Mayu, ko lokacin Obon, bikin tunawa da magabata, a tsakiyar Agusta. Abokin nawa da kwanakin Obon ya zo, ya sha jirgi kusan awa goma sha biyu don kwana huɗu kacal.

Kuskurena na farko a filin jirgi na yi shi. Kin san gaisuwarmu in an daɗe ba a haɗu ba: "Kai, ka guje mu, ka manta da mu!" A wurinmu wannan ƙauna ce. Shi kuwa sai na ga fuskarsa ta canza, ya sunkuya ya shiga ba ni haƙuri da gaske, yana lissafo mini dalilai, aiki da aure da rashin lafiyar mahaifinsa. Da ƙyar na fahimtar da shi wasa nake yi. Har muka kama hanyar Cedar Rapids, tafiyar wajen awa huɗu a mota, bai gama sakin jiki ba. Don Allah ki ajiye wannan ƙorafin a gida. Su abin da suke cewa shi ne hisashiburi, an daɗe ba a gamu ba, ba a ɗora wa kowa laifi. Shirun da kike tsoro kuma zai zo, amma ba lallai ya zama alamar baƙunta ba. Mun yi tafiyar minti ashirin ba wanda ya ce uffan, ina ta tsarguwa, na waiga na ga shi hankalinsa kwance yana kallon gonakin masara.

Na biyu, na tafi da jerin wurare goma sha ɗaya a rubuce, kamar mai rakiyar 'yan yawon buɗe ido. Rabinsu babu su. An rushe mafi yawan Westdale, ɗakin karatu ya koma sabon gini a tsakiyar gari tun 2013, gini mai kyau amma ba namu ba, mun shiga mun fito cikin minti goma. Abin da ya fi girgiza ni unguwarmu ce. Sai da muka wuce layin gidan sau biyu ban gane shi ba, ina ta tunanin ko kaina ne ya tsufa. Ashe itatuwa ne babu. Guguwar da suke kira derecho, wadda ta bugi garin ranar 10 ga Agusta, 2020, da iska mai gudun da ya kai kilomita 225 a awa, ta kwashe fiye da rabin inuwar garin. Layin da muka sani duhu-duhu ya koma fetal kamar sabuwar unguwa. Gidan ma an sayar, muka tsaya daga tsallaken titi muka kalla. Ban ba ki shawarar ƙwanƙwasa wa baƙi ƙofa ba sai in an riga an yi musu magana.

Abin da bai canza ba wari ne, ko in ce ƙanshi. Masana'antar Quaker Oats, irin wanda muke damawa a gida, a bakin kogin garin take, kuma in iska ta kaɗo duk gari sai ya ɗauki ƙanshin gasasshen hatsi. Muna sauke gilashin mota ya shaƙa ya ce natsukashii. Kalma ce da ban samo mata takwara guda a Hausa ba, tana tsakanin "Allah sarki" da "tuna baya", amma da daɗi a cikinta fiye da baƙin ciki. Za ki ji ta a bakin 'yar'uwarki sau da yawa, kuma duk inda ta faɗe ta ki rage sauri.

A rana ta biyu na gaji da takardata, na tambaye shi ina yake son zuwa. Na ɗauka zai ce makaranta ko tsohon masallacin nan da 'yan Siriya da Labanan suka gina a 1934, wanda ya taɓa raka ni. Sai ya ce kantin gidan mai na bayan layinmu. Nan muke sayen katin kiran waya zuwa gida. Muka je, yana nan, an dai sake fenti. Ya nuna mini gefen bango ya ce a nan ya tsaya yana kuka wata rana a watan Oktoba bayan ya yi magana da mahaifiyarsa, ni kuma na fito na gan shi, na koma ciki na yi ta jujjuya kaya kamar mai neman wani abu har ya share fuska, kuma ban taɓa tayar da zancen ba. Ya ce tun ranar ya ɗauke ni yaya. Wallahi ban tuna ba ko kaɗan. Kara ce kawai irin wadda aka tarbiyyantar da mu a kanta, ashe su ma suna da irinta. Ni kuma abin da na riƙe shekara goma sha biyar ina jin nauyinsa, wata rigima da muka yi a kan buɗe taga cikin sanyi har na yi masa tsawa, da na nemi gafara sai ya yi ta dariya, shi ma bai tuna ba. Da na bi jerina kaɗai, da ko kusa da kantin nan ba mu je ba.

Baba, maigidan da ya riƙe mu, ya rasu kafin zuwanmu. Mama ta koma ƙaramin gida, ita ta kai mu maƙabarta. Abokin nawa ya sayi ruwa a gora, ya wanke dutsen kabarin da hannunsa, ya haɗa tafuka ya yi shiru, kamar yadda suke yi wa magabatansu a kwanakin Obon. Ni na tsaya gefe da Mama. In cikin mutanen gidanku akwai wanda ya rasu, ki sa ran za ta so zuwa, ki kuma yanke tun da wuri yadda ke za ki tsaya, don kada abin ya zo miki bagatatan.

Maganar tsaraba: ba za ta zo hannu rabbana ba, omiyage wajibi ne a wurinsu. Nawa ya kawo mini kayan zaƙi na Sendai, ya fassara mini duk abin da aka haɗa su da shi a 'yar takarda don in tabbatar ba giya ba alade. Ni na so in kai kilishi, sai na tuna ba a shiga Amurka da nama, na sayi hula da jakar fata ta Kano. Ki nannaɗe naki da kyau, suna kula da nannaɗi kusan kamar abin da ke ciki. Wajen biyan kuɗin abinci kuma kada ki yi kokawa irin tamu. Na biya na daren farko da ƙarfin tsiya, washegari ya riga ni zuwa wurin mai karɓar kuɗi tun ban gama ci ba, daga nan muka koma raba wa biyu, kowa ya huta.

Da zan sake, kwana na farko ba inda za mu je sai gidan Mama, a ci abinci a kalli tsofaffin hotuna, kowa ya saba da sabuwar fuskar ɗan'uwansa. Wurare uku sun isa: ɗaya naki, ɗaya nata, ɗaya na mai gidan da ta riƙe ku in tana raye. Ki tambaye ta nata tun kafin ta taso, domin in a gabanki ne za ta ce duk inda kika zaɓa ya yi.