Ruwa na kwanciya a lambun bayan gida

Malam ka ce bayan gidanka laka ce, in an yi ruwa sai ya kwana biyu a kwance, ga shi kana son dasa tumatir da alayyahu. To kar ka biye wa masu cewa ka zubo tifar yashi kawai, nima na taɓa yi, da rani ya shigo wurin ya ƙame kamar bulo, fartanya ma tsalle take. Nemi ruɓaɓɓen takin shanu da ɓuntun shinkafa ka cakuɗa da ƙasar sama, ka tada kunya kamar santimita 30, ka ja ɗan lambatu ya kai ruwan kwata. Amma fa kar ka yi kaftu ƙasa na jiƙe sharkaf, dunƙulewa take, bari ta sha iska tukuna.