Dalilin gwajin dalma kafin mu sauka kan Colossus

Yarona, ka ce tunda Colossus kwance yake a zurfin kusan mita 15 kacal, me ya kawo dogon gwajin dalmar da na sa ka, wato nauyin da mai nutso ke ɗaurawa a jiki don kada ruwa ya ɗaga shi. Rashin zurfin ne ya kawo shi.

Jirgin yaƙin Birtaniya ne mai igwa 74, ya nutse a Disamba 1798 kusa da tsibirin Samson a tsibiran Scilly, kudu maso yammacin Ingila. Ruwan can sanyi gare shi, dole ka sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, ka riƙa hura mata iska. A mita 15 iskar nan a matse take. Kafin ka iso sama ta kumbura ninki biyu da rabi, kuma yawancin kumburin a mita 10 na ƙarshe yake. In ba ka ɗaga kafaɗar hagu ka saki iska ta bawul ba, ta gudu ƙafafu, sai ta kifa ka, ta yi sama da kai. Huhu ma haka yake kumbura, don haka ba a riƙe numfashi wajen hawa.

Silindar iskar numfashi mai lita 12 da aka cika zuwa bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana rage nauyi fiye da kilo 2 da rabi kafin ta sauko bar 50. To a bar 50 ɗin za ka gwada. Tsaya a mita 5, jakar iskar bayanka babu komai, rigar kuma da ɗan iskar da za ta hana ta tsuke ka. In ka yi minti 3 cak, numfashi kaɗai ke riƙe ka, dalmar ta yi. In a tafki ka gwada, ƙara kilo 2 zuwa 3, ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum. Kada tsoro ya sa ka lafta dalma: kowane kilo na banza sai ka biya shi da ƙarin iska, iskar nan kuwa ita ce ke kumbura.

A ƙasa za ka ga igwogi tsaye, bakunansu binne a yashi. Tsaya rabin mita sama da su, ka yi shurin kwaɗo don kada ka tayar da yashin. Yashin nan ne ya kare katakon. Wanda ya tonu, tsutsar teku ce ke cinye shi. Dokar kare jiragen da suka nutse ta 1973 ta hau kan wurin, ba a sauka sai da lasisi, ba a ɗaukar ko ƙusa. Wajen hawa kada ka wuce mita 9 a minti, ka fara tura balan-balan ɗin alama sama don direban kwalekwale ya san inda kake.