Tambayi Likita: Jinyar mai cutar lufus da ke jiran dashen ƙoda

Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata mai shekara 26 ta kusa shekara uku tana fama da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi da zubewar gashi, ana ta ba ta maganin maleriya da taifot. Yanzu an ce lufus ce, kuma ta taɓa ƙoda har an fara yi mata wankin ƙoda, wato tace jini da inji. Mahaifiyarmu ta dage jifa ne tunda bayan aure abin ya soma, tana so a kai ta ƙauye. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya. Ban ga laifin Mama ba, domin lufus cuta ce mai rikitar da mutane, har mu likitoci. Yau ta kama gaɓa, gobe ta fito da ƙuraje a kumatu da karan hanci, jibi ta lafa kamar ba a yi ba. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ta juyo tana yaƙar jikin mai ita. Idan ta kai ga ƙoda sai ta lalata matatar da ke tace jini, shi ya sa ake ganin fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da fuska, da hawan jini. Cikin mutum 10 masu lufus kusan 9 mata ne, kuma ta fi tasowa tsakanin shekara 15 zuwa 45. Kin ga ai shekarun aure da haihuwa ke nan. Juna biyu ma kan tayar da ita.

Kada ki tsaya jayayya da Mama, ba za ki ci riba ba. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti ranar ganin likita, ta yi tambayarta da bakinta. Addu'a da ruƙiyya babu wanda zai hana. Abin da nake tsoro shi ne jiƙe-jiƙe da saiwoyi, saboda ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da su daga jini, da kuma tafiya ƙauye a tsallake wanki. Ko rubutu za a ba ta, a lissafa ruwansa cikin ruwan da aka ƙayyade mata na yini.

Likita, matata ce ke da lufus, shekararta guda tana wankin ƙoda, 'ya'yanmu uku. Na ce ni zan ba ta tawa, amma bayan gwaji aka ce jininta bai karɓi nawa ba, alhali rukunin jininmu ɗaya. Ƙaninta ya yarda zai bayar, sai kuma aka ce mu jira wasu watanni. Anya ba ja mana rai ake yi ba? Daga wani magidanci a Zariya.

Malam, Allah ya saka maka da alherin niyyarka. Ba ja muku rai ake yi ba. Rukunin jini ƙofar farko ce kawai. Bayansa akwai gwajin da ake haɗa jinin mai karɓa da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa. Duk cikin da mace ta ɗauka, rabin halittar ɗan daga uba yake, don haka jikinta kan iya shirya makamai a kan abin da ya fito daga mijinta. Haihuwa uku ta isa ta sa hakan. Da an dasa mata taka, jikinta na iya kashe ƙodar cikin ɗan lokaci, ka yi asara ita ma ta yi. Ƙarin jini ma yana jawo irin wannan matsala. Shi ya sa muke fifita allurar ƙara jini da sinadarin ƙarfe a kan ledar jini ga mai jiran dashe, sai in ya zama dole. Ku kula da wannan sosai, kada a riƙa zuwa wani wuri a ƙara mata jini ba da sanin likitan ƙodarta ba.

Batun jira kuma, ba a son dasa sabuwar ƙoda alhali lufus tana kan ganiyarta. Yawanci ana so a ga ta kwanta na wasu watanni, sau da yawa kamar wata shida. Ana kuma duba wani sinadari a jinin masu lufus da ke sa jini daskarewa, domin zai iya toshe jijiyar sabuwar ƙodar. Abin farin ciki, idan aka yi dashen a lokacin da ya dace, ba kasafai lufus ke komawa ta lalata sabuwar ƙodar ba.

Shi ma ƙanin nata za a bincike shi ciki da waje: hawan jini, ciwon suga, lafiyar ƙodojinsa biyu, da alamun lufus tunda jininsu ɗaya. Ina roƙonka da wani abu. Ku bar shi ya gana da likita shi kaɗai, ba kai, ba iyaye. A gidajenmu yaro kan ce "to" don kunya ko tsoron a ce ya ƙi 'yar uwarsa. Yana da damar janyewa har ranar aiki, kuma in ya janye kada a mayar da shi abin nuni a dangi.

Sai maganar kuɗi, wadda mutane ba sa son ji. Na ga iyalai sun sayar da gona da fili sun biya kuɗin aiki, bayan 'yan watanni babu na magani. Magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, irin su tacrolimus da mycophenolate, kullum ake shan su muddin ƙodar tana jiki, ga gwajin jini a kai a kai. In za ku yi lissafi, ku sa kuɗin maganin aƙalla shekara guda a ciki tun yanzu. Kuma ba lallai sai an fita waje ba: asibitin St. Nicholas na Legas ya fara dashen ƙoda a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002.

Likita, ni ke dafa wa yayata mai wankin ƙoda abinci. Kowa ya zo dubiya da abin da zai ce kada ta ci, har ta rame. Me ya kamata? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Mai wankin ƙoda tana buƙatar abinci mai gina jiki, domin injin yana tafiya da wani ɓangare nasa. Ki ba ta ƙwai, kifi, kaza, gwargwadon hali. Wadda ta rame ba ta jure aikin tiyata. Abokan gabanki su ne gishiri, dunƙule, kanwa, kilishi da busasshen kifi mai gishiri, saboda suna sa ƙishirwa su tara ruwa a jiki. Ayaba, dabino, lemu, dankali da tumatir mai yawa suna ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda in ya taru a jini yakan tsayar da zuciya. Ganye da dankali a yanka, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan kafin a yi miya.

Ruwa kuwa, abin da aka saba ƙayyadewa shi ne yawan fitsarin da ta yi jiya, a ƙara rabin lita, wato kamar ledar fiya wata guda. Koko, kunu, shayi, zoɓo da romo duk ruwa ne. In ƙishirwa ta dame ta, ta tsotsi 'yar ƙanƙara. Hannun da aka haɗa mata jijiya don wanki kada a auna jini a kansa, kada a yi allura, kada ta kwanta a kai. Ciwon gaɓa kuma kada a saya mata ibuprofen ko diclofenac a kemis.

Wani ya ce zai samo mana mai sayar da ƙoda. Ya halatta? Daga wani bawan Allah a Kano.

Ku nisance shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum a Najeriya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar ƙoda bisa sharuɗɗa amma ta hana sayarwa. Kun kuma ji yadda kotun Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 a 2023, kan kai wani matashi daga Legas domin a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa.

Likita, 'yata mai lufus da ke wankin ƙoda ta daina shan maganinta na prednisolone a ɓoye saboda fuskarta ta yi faɗi, ga saurin fushi. Ta ce gara ta mutu ta huta. Na rasa yadda zan yi da ita. Daga wata uwa a Jos.

Hajiya, yau ɗin nan ki sanar da likitanta. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone ba ya tsayar da shi farat ɗaya, domin jiki ya saba, jini na iya faɗuwa ta suma, lufus kuma ta taso ta ƙara nisanta dashen. Faɗin fuska da saurin fushi aikin maganin ne, ba rashin tarbiyya ba, kuma suna raguwa idan likita ya rage shi sannu a hankali. Hydroxychloroquine, wani maganin lufus ɗin, shi ma kada ta bari, sai dai a riƙa duba mata ido.

Kalmar "gara in mutu" kada ki ɗauke ta shagwaɓa. Budurwar da ke kwana uku a mako jikin inji, awa huɗu kowane zuwa, ƙawayenta na makaranta ko ɗakin miji, dole ranta ya ƙuntata. Ki zauna da ita ba tare da faɗa ba, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa mutum aikatawa. Magungunanta su dawo hannunki, ki nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, kuma a hana masu dubiya cewa "kai, kin canza" a gabanta. Ke ma ki raba ranakun rakiya asibiti da 'yan uwa, ko da mutum biyu ne, domin jiran dashe kan ɗauki watanni da yawa.