Amsa kan aikin ƙarfin cikin gida da kuzarin motsi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tunda dokar Newton ta uku ta nuna ƙarfin da ƙwayoyi (ƙananan ɓangarorin abu) biyu ke yi wa juna, wato ƙarfin cikin gida, daidai yake kuma kishiyar juna, me ya sa ake lissafa aikinsa a tarin ƙwayoyi, alhali ya soke kansa?

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma a nan ne har ɗalibai masu ƙwazo ke tuntuɓe. Ƙarfin ne ke soke juna, aikin kuwa ba lallai ba. Aiki shi ne ƙarfi sau tazarar da abin da aka tura ya matsa, kuma kowace ƙwaya da tata tazarar.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Ƙananan kekunan gwaji biyu a kan tebur mai santsi, kowane kilo 2, an matse sifirin (naɗaɗɗen ƙarfe mai dannuwa ya koma) a tsakaninsu. Da aka saki, ɗaya ya yi hagu, ɗaya ya yi dama, kowane da gudun mita 3 a daƙiƙa. Kuzarin motsin kowane shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, wato jul 9 (jul shi ne ma'aunin kuzari), jimilla 18. Daga waje ba wanda ya yi aiki. To daga ina 18 ɗin? Sifirin ya tura na hagu hagu, shi ma ya matsa hagu. Haka na dama. Aikin biyu haɗuwa suka yi. Tsakiyar nauyinsu kuwa tana nan inda take, wannan shi ne abin da sokewar ƙarfin ta tabbatar, ba ƙari.

Shi ya sa nake matsa wa yara su riƙe ƙa'idar masanin lissafi König ta 1751: jimillar kuzarin motsi kashi biyu ce, na tafiyar tsakiyar nauyi da na motsin ƙwayoyin game da ita. A misalinmu, kashi na farkon sifili ne.

Ruɗanin yana zuwa ne daga sandararren abu kamar dutse, inda tazarar ƙwayoyi ba ta canzawa, don haka aikin ƙarfin cikin gida sifili ne. Sai ɗalibi ya zaci ko'ina haka ne. Ka duba mai tsalle: ƙasa ta tura shi, amma tafin ƙafarsa bai matsa ba sai da ya bar ta, kuzarin daga tsokarsa ya fito.

In za ka warware tambaya, fara zana da'ira kewaye da abubuwan da ka ɗauka tari guda, sannan ka duba ko tazarar da ke tsakaninsu tana canzawa.