Yadda za a rage kaifin sautin fiyano Yamaha P-125

Ɗan'uwa, ka ce P-125 ɗinka tana sokar kunne a muryoyin sama, na ƙasa kuma suna gunji tunda ka ɗora ta a kan tebur.

Gunjin daga teburin yake. Lasifikokin da ke ƙasan fiyanon suna buga katakon, sautin ya dawo a dagule. Kunna Table EQ, wato saitin gyara sauti in fiyano na kan tebur, an yi shi ne saboda wannan. Idan daga baya ka mayar da ita kan ƙafafunta, ka kashe shi.

Kaifin kuwa, duba Sound Boost tukuna, wato saitin ƙara ƙarfin sauti. Amfaninsa a cikin taron makaɗa ne, a ɗaki ƙara tsini kawai yake yi, kashe shi. Sannan ka mayar da Touch, wato saitin yadda fiyano ke amsa ƙarfin bugunka, daga Medium zuwa Hard. A Hard sai ka danna da ƙarfi kafin murya mai kaifi ta fito, don haka bugun yau da kullum zai yi laushi. Kada ka zaɓi Fixed, zai daidaita ƙarfin kowane bugu, kiɗan ya mutu.

A saitin amsa-kuwwa (Reverb) ka zaɓi nau'in Chamber, ka rage zurfinta, musamman in ɗakin na tayil ne. Canza abu ɗaya, ka buga jimla guda ka saurara, sannan na gaba.