Ƙona kaska da wuta, da sayar da bijimin da ya yi jan fitsari

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina kiwon turka a bayan garin Maradi, kan hanyar Madarunfa. Tun faɗuwar damina kaska ta addabe mu. Yaron da ke kula mini da shanun yakan cire ta da safe ya watsa a garwashi, sai maƙwabcina ya ce haramun ne, ba mai azaba da wuta sai Allah, har suka yi cacar baki. Na biyu, bijimina guda ya yi zazzaɓi, fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo. Kwana 6 ke nan da yi masa allura, ya miƙe yana cin abinci. Dillalina ya ce in kai shi kasuwa tun yana da kyan gani, in ja bakina in yi shiru. Mene ne hukuncin waɗannan biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a dukiya.

Kashe kaska halal ne, domin mai cutarwa ce, kuma dabbar da ka ɗaure a turke amana ce a wuyanka. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana cire wa raƙuminsa kaska a wani wuri da ake kira Suƙya alhali yana cikin harama. Imamu Malik ya ƙi hakan ga mai harama kawai. Kai da ke Maradi ba harami a jikinka, wannan bai shafe ka ba.

Maganar maƙwabcinka tana da asali. Hadisin da ya ce ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta ya inganta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi inkarin ƙona gidan tururuwa. Sai dai malamanmu ba su kai abin ga haramci ba game da irin waɗannan ƙwari. Ibnu Abi Zaidi a Risala cewa ya yi makaruhi ne kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, masu sharhi kuma suka ce idan sun yi yawa har suna cutarwa, karahiyar ta faɗi. Kaska tana bin wannan hukuncin. Yaron bai yi zunubi ba, amma barin wutar ya fi, tunda akwai hanya mai sauƙi: a zuba kananzir ko ruwan maganin wankan dabbobi a gwangwani, duk wadda aka cire a jefa ciki.

Abin da zan hana shi da ƙarfi shi ne murƙushe ta da yatsu, ko yar da ita ƙasa. Macen kaska in ta ƙoshi da jini ta faɗo, dubban ƙwai take sakawa a cikin turken. Akwai kuma wani zazzaɓi mai sa zubar jini, ana kiransa Kirimiya-Kwango, da mutum ke iya ɗauka idan ya fasa kaska da hannu ko jinin dabbar da ke ɗauke da shi ya taɓa masa rauni. Fizge ta da ƙarfi ma yakan bar bakinta cikin fata, wurin ya zama gyambo, musamman a hantsa da marena da ƙarƙashin wutsiya. Babbar kaskar nan mai zane a baya, wadda ke yawaita da farkon damina, makiyaya sun daɗe da sanin inda ta yi yawa kirci na biye.

To, ga inda nauyin tambayarka yake, kuma na lura ba a kansa aka yi cacar bakin ba. Shawarar dillalinka haramun ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Ƙa'idar ita ce duk abin da mai saye zai rage kuɗi ko ya fasa da ya san shi, wajibi ne a faɗa masa. Kai da kanka, da an ce maka bijimi ya yi jan fitsari makon jiya, za ka taya shi jika nawa? Cewa "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. A mazhabarmu, mai saye yana da zaɓin mayar da dabbar, in kuma ta mutu da wannan aibin da aka ɓoye masa, kuɗinsa gaba ɗaya za a mayar masa. Dillalin da ya sani ya rufe yana cikin laifin, la'adarsa ba ta da tsarki.

Jan fitsarin nan, galibi wata ƙwayar cuta ce da kaska ke zubawa a jini, tana farfasa shi, shi ya sa fitsari ke rinewa, ido ya yi fari ko rawaya. Dabba takan miƙe alhali ƙwayar na nan a jininta, kaskar da ta sha ta kai wa wasu. Kirarin kaska ai raɓi mai jini. A nan hadisin Buhari da Muslim ya shigo: mai raƙuma marasa lafiya kada ya gangarar da su kan na mai lafiya. Wasu sukan kawo hadisin "babu yaɗuwar cuta" don su ƙi ware dabba. Ma'anarsa cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta, Allah ne ya sanya sababi, kuma wanda ya faɗi wancan shi ya faɗi wannan. Kasuwar shanu tana tara dabbobi daga Dakwaro da Mayahi da Tasawa, wasu a loda su zuwa Jibiya da Katsina. Bijimi guda mai kaska a jiki ba a san garke nawa zai shafa ba.

Sai batun allurar. Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa, waɗanda ba a yanka dabba ko a sha nononta kafin su cika. In mahauci ne zai saya, sanar da shi ranar da aka yi allura wajibi ne, domin naman cikin mutane zai shiga, kuma babu cuta babu cutarwa. Haka wanda ke neman abin layya: marar lafiyar da rashin lafiyarta ya bayyana tana cikin huɗun da hadisin Bara'u ɗan Azib ya ce ba sa isarwa.

Abin da na zaɓar maka: ka ware bijimin, a wanke shi da sauran da maganin kaska bisa awon da aka rubuta, ba a tsinka shi da ruwa don tattali ba, tunda hakan ke sa kaska ta saba da magani. Ka kira likitan dabbobi ya duba shi, shi ne ahalin sanin wannan, ba ni ba. Idan ya tabbatar ya warke sarai, kwanakin maganin kuma sun cika, ka sayar ba laifi, in an tambaye ka kuma ka faɗi gaskiya. In buƙatar kuɗi ta matsa maka kafin nan, ka sayar, amma ka faɗa wa mai saye da bakinka abin da ya same shi da ranar allurar, ka karɓi abin da ya taya.

Wallahu a'alam.